Layi na Ɗari Biyu da Sha Huɗu

Shekara tara ina ɗaura ruwa a ƙaramin asibiti,
ina laluben jijiya a hannun da ya bushe kamar kara.
Su warke su tafi, damina ta maido su.
Ran da na gaji da tarar kogi da ƙoƙo
na yanki fam, na koma Shika ɗalibi,
da furfura uku a gemu da bashin kuɗin rajista.

Inna ta ce, "To, wannan karon likita za ka zama?"
Na ce, "A'a, ƙidaya zan koyo."
Ta yi min kallon wanda ya sayar da saniya
ya sayo igiya.

Farfesa Barau ba ya ɗaga murya.
Ya ce, "Majinyacinku unguwa ce sukutum.
Ba ta hawa gado, ba ta cewa nan ke ciwo.
Ku je ku taɓa goshinta."

Na je, a tsakiyar Agusta.
Babur ya ƙi taɓon Tudun Jukun, na tura shi da hannu,
takardun tambaya a leda cikin riga.
Ina kuke ɗibar ruwa? Wa ya yi amai? Wace rana?
Wata ta ce sai maigida ya dawo.
Wani ya ce nawa za a ba mu.
Lantana ta shimfiɗa min tabarma, ta amsa duka.
"Sagir, shekararsa huɗu."
Ta yi shiru, ta gyara:
"Da ya cika huɗu a watan jibi."

Kwamfuta ba ta karɓar suna.
Layi na ɗari biyu da sha huɗu:
namiji, wata arba'in da shida, sakamako biyu.
Ɗaya na nufin ya tashi.

Dare goma ina ɗiga jan biro a taswira
har ɗige-ɗigen suka yi cincirindo
a bakin rijiya guda.
Ruwanta garai-garai, da sanyi kamar na randa.
Taku bakwai bayan katanga, masai.
Kwalbar da na kai gwaji ba ta yi min kara ba.

Malam Tanimu ne ya haƙa ta,
sadaka ga matarsa Asabe da ta riga shi.
Kwana uku ina zagaya ƙofarsa.
Ba a yi mana darasin wannan ba.
Da na faɗa, carbinsa ya tsaya.
Ya ce, "Ladan da nake aika mata ke nan?"
Na duba takarduna. Babu gurbin amsar.

Washegari shi da kansa ya kifa langa-langa,
ya ɗora dutse, ya zauna a kai da sanda
yana korar 'yan garuwa,
har magini ya zo, har magani ya zo.

Ran kare kundi, minti ashirin aka ba ni.
Aka tambayi yawan gidajen da na zaɓa.
Wani ya gano waƙafi ya ɓace a shafi na sittin.
Aka ce na ci.

'Yan ajinmu biyar suna Abuja, cikin fararen motoci.
Ni ina ƙaramar hukuma,
teburina ƙafa uku, bulo ne ta huɗu,
albashi sai wata ya tsufa.
Inna har yau tana tambaya wa na warkar.
Ba ni da wanda zan nuna mata.
Bana dai ba a kafa rumfar masu amai ba,
kuma ba wanda ke zuwa barkar
makokin da ba a yi ba.

Yara na gara taya a lungun Lantana.
Ban san wanne ne a cikinsu ba.
Su ma ba su sani ba.

Duk ƙarshen wata ina komawa da kwalba.
Tsohon yakan jira ni a bakin murfin siminti.
"A sha?"
"A sha, Malam."
Sai ya zura guga,
ya fara kai wa bakinsa
kafin ya bar kowa ya matso.