Akuyar Tasallah

Tasallah ta dawo daga Sinnar da waya a tafin hannu,
ta ce, Kaka, ga wata na'ura
da ba ta taɓa durƙusa gaban malami ba.
Dare da rana kiwo take a yanar gizo
kamar akuyar da ta tsinke igiya,
duk rubutun da ta tarar sai ta tauna,
ta ware sunan gari, ta ware sunan mutum,
ta ƙulla wannan da wancan, ta ce ta sani.

Na ajiye komar da nake ɗinki.
Na ce, tambaye ta Mai Wurno.

Ta ce gari ne a gaɓar Shuɗin Nilu,
mutanensa daga yamma suka tako
da niyyar Makka a bakinsu.
Na ce, ba ta yi ƙarya ba.
Na ce, kifi fa?
Ta jero tarwaɗa, ta jero karfasa,
har da sunayensu a wani yare mai kama da tari.
Ko ƙafa ba ta taɓa jiƙawa ba, amma ta faɗa daidai.

Sai na ce, Bawa Mai-koma.

Ta ɗan yi jim.
Wai ta sami wani Bawa, dillalin riɗi a Gadarif,
wai ta tabbata kashi saba'in cikin ɗari.
Saba'in!
Ubana bai taɓa auna riɗi ko mudu ɗaya ba.
A goye ya bar Haɗeja,
da ƙafarsa ya shigo nan, yana ɗan shekara tara.
Jakinsu ya mutu kafin Fashir,
ƙanwarsa Lanti na kwance gindin wata aduwa
da shi kansa ya kasa gane ta daga baya.
Wa ya rubuta?
Wanda ke ɗauke da tulu da tabarma
ba shi da hannun riƙe alƙalami.

Tasallah ta ce, ba laifinta ba ne, Kaka,
abin da aka zubar shi take tsinta.
Ka faɗa, in rubuta, in saka inda take kiwo,
wata rana za ta bi ta kai.

Na dubi kogi, ya yi ja da ruwan Habasha.
Tun ina yaro yake wucewa da labarin mutane
bai taɓa mayar wa kowa ba.

Na faɗa mata har magariba:
jakin, aduwar, Lanti,
tabon ƙugiya a babban yatsansa na hagu.
Ta rubuta, tana goge ido da gefen mayafi.

Abu ɗaya na riƙe.
Gurbin da giwan ruwa ke kwana, ƙasa da mashaya,
wanda ya nuna mini da haɓa, bai ce uffan ba.
Wannan kam akuya ba za ta ci ba.