Baduku a Montana

Ƙanƙara ta toshe ƙofar Orval,
shi yana ciki da kirgin bijimi.

Keken ɗinki na tari, kaf-kaf-kaf.
A kwana ya sassauta ƙafa,
ramin da allura ta kauce ba ya cikewa.

Ya jiƙa fatar, ya cusa bindigar roba,
yana dannawa da ƙahon barewa
har kunama ta nuna kanta.

Tanderun da marigayiya Lurleen ke gasa burodi
yau kube yake gasawa.
Wuta kaɗan-kaɗan,
in ta yi yawa fata ta tsuke.

Ya ƙwanƙwasa: amon ƙwarya.
Ya zura bindiga, ƙas!
Ya kifa, ba ta faɗo ba.

"Ya gasu," ya ce wa kujerarta.