Riga Ta Uku

Farin yadi na farko na yi gaggawar sayensa,
tun ranar da Kuluwa ta ci bakaloriya.
Na auna kafaɗa, na yanka, na ɗinke,
na rataye a bayan keke
tana jiran sakamakon kwankur.
Aka liƙa sunaye a bangon makarantar jinya ta Garwa.
Ta bi su da yatsa daga sama har ƙasa,
ta sake hawowa.
Babu.
Rigar nan, wani mahauci na sayar wa.

"Yaya, hanya ba ɗaya ba ce," in ji ta.
"In Binuwai ya cika a bi gada,
in ya janye a taka yashi."
Ta shiga ajin mataimakan jinya,
kuɗin makaranta daga bakin allurata.
Riga ta biyu, sai da na ga takarda
sannan na taɓa almakashi.

Suka tura ta Gashiga.
Can ta wanke gyambo, ta kwashe amai,
ta riƙe tocila a baki daren da wuta ta ɗauke
ana neman jijiyar yaron da zawo ya tsotse.
Nas ya sa hannu a takarda,
ita ta tafi wanke tasa.
Shekara huɗu. Aljihun ya yage sau biyu
don nauyin littafin da take cusa masa.
Na yi faci, ban ce komai ba.

Kwankur na biyu, maki ɗaya da rabi ya kayar da ita.
Na uku, ina tsakar ɗinkin Sallah
waya ta yi ƙara, kuka kawai nake ji,
na taka keke ya ɗinke min farce.

Sai wata shekara uku.
Sunayen ƙasusuwa manne a bangon ɗaki,
lissafin ɗigon ruwa a minti
a bayan littafin awona, dab da ƙugun Alhaji Bappa.
Lemo nawa ta soke kafin ta roƙi damtsena?
Na miƙa, na kau da kai, na runtse,
ni da na yi shekara ashirin ina cin abincin allura.
"Buɗe ido, tela," ta ce, "an gama tun ɗazu."

Jiya ta zo awo.
Kafaɗar ta rame, ko igiyata ce ta miƙe.
Na ga furfura biyu a gefen ɗankwali, na haɗiye.
Aljihu uku take so, masu zurfi:
na almakashi, na biro, na agogo.
A ƙirji sunanta da shuɗin zare,
a ƙasa haruffa ukun nan na diflomar gwamnati.

Ban yi boko ba.
Ta zana min su a takardar siminti,
ina bi kamar mai zanen hula.
Jibi za ta hau motar Mokolo.
Saura harafi ɗaya wuta ta ɗauke.
Na laluba tocila,
na kama ta da haƙori.