Direban da Ba Shi da Mota

Ƙarfe ɗaya na dare a Gangare,
sanyin Jos ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya zauna a yatsuna.
Kwamfutar Kangyang ce a gabana, 'yar gwanjo,
a Taminus ta saye ta da kuɗin dankalin babarta.
Na share mata manhajar nan mai yawan neman lasisi,
na zuba Linux, kyauta kamar ruwan Agusta.
Komai ya tashi. Ban da wayifai.

Katin yana ciki. Na kira, ya amsa da lambarsa,
amma shi da injin ba sa jin yaren juna,
baƙo ne ya sauka Farin Gada babu tafinta.
Direba ake nema.
Da na gaya wa Tanimu mai shayi, sai ya ce
ai tasha cike take da su, na wace hanya nake so?

Direban yana intanet,
intanet kuma sai da direban.
Makulli a ɗaki, ɗaki a kulle.
Na jona wayata da igiya, datar ɗari biyar
tana ɗiga kamar famfon unguwarmu.

Kamfanin da ya ƙera katin ya kama bakinsa.
Wani ne can, ban san fuskarsa ba,
ya hana kansa barci ya warware sirrin zare-zare,
ya ajiye a bakin hanya don duk mai wucewa.
Allah ya saka masa, ko ina yake kallo in zai yi addu'a.

Na buga umarni, baƙin allo ya yi ta zubo rubutu,
ya ci tuntuɓe. Na sake. Ya wuce.
Na kashe, na kunna. Shiru.
Har na fara zagin wanda na gama sa wa albarka,
sai babban yatsana ya ji wani ɗan maɓalli a gefe,
ƙarami kamar ƙwayar acca,
a kashe, tun daga ƙasar da aka kwaso ta.

Na tura shi.
Sunaye suka fito a jere: Gidan Pam, Chemist, KarKaTaɓa,
ashe maƙwabta duk suna nan cikin iska.

Da safe ta zo, ta buɗe, ta yi rajistar jarrabawa,
ba ta tambayi komai ba.
Na dai liƙa mata umarnin a ƙasan kwamfutar da salatif,
don ranar da sabuntawa za ta sake sauke direban a hanya.