Ajiyar Ƙasa

Ƙarfe takwas, rana ko niyyar fitowa ba ta yi ba.
A tsibirin Bornholm Janairu ba ya sallama,
shigowa kawai yake, ya nemi ƙashin mutum ya zauna.
Na tsayar da mota a bakin shingen Bodil,
na sa safa, na ƙara safa,
na ɗumama batir a hammata kamar kaza da ƙwai,
don sanyi kan tsotse shi
tun ban kai tsakiyar gona ba.

Iskar Baltik ba ta tambayi shekaruna ba.
Saba'in da ɗaya ne, da ta tambaya.

Hagu, dama. Hagu, dama.
Faifan na'ura yana shafar dusar ƙanƙara
kamar mai lallashin jariri.
Ni da ƙasa mun daɗe muna hira:
ita ta yi gum, ni in kasa kunne.
In ta yi gurnani, ƙusa ce.
In ta yi siririn kuka, zuciya ta buga,
ko da na san sau tara cikin goma
marfin kwalba ne, ko kwanson harsashi,
ko maɓallin wani da ya mutu bai san ya yar ba.

Bara, Troels ya tono azurfa a gonar gaba,
tsabar da ta kwana shekara dubu.
Gidan tarihi suka karɓa, suka buga masa takarda.
Har yau in mun haɗu a shagon burodi
sai ya gyara hula.
Ban ce masa komai ba. Haƙuri ma tono ne.

Wajen sha ɗaya yatsuna suka daina zama nawa.
Na buɗe fulas, gahawa ta huce tun a hanya.
Hankaki biyu a kan shinge suna kallona
kallon da 'yata Solvej ke yi mini
in ta ce, Baba, me ka rasa a gida?

Sai can, gindin tsohuwar rijiya,
na'ura ta yi wata murya,
ba gurnani ba, ba kuka ba, tsakani.
Shebur ya sari ƙasa, ƙasa ta rama.
Na durƙusa, gwiwa ta yi ƙara,
na fasa daskararren ɓawo da wuƙa,
taƙi ɗaya, taƙi da rabi,
laka baƙa, mai warin ruɓaɓɓen gero da gishiri.

Sifana ce.
Tsatsa ta cinye mata baki.
Na kusa jefa ta buhun tarkace,
sai babban yatsana, wanda ba ya jin komai,
ya ji tsaga uku a ƙotarta.

Uku. Da magagari.
Haka babana ke wa kayansa alama.

Ina ɗan shekara tara ya zo gyaran tarakta a gonar nan,
ya ce riƙe mini, na riƙe, na bi kare, na manta.
Har gida bai yi mini magana ba.
Bai doke ni ba. Da ma ya doke ni.
Kwana huɗu yana miƙa mini gishiri a tebur
ba tare da ya dube ni ba.

Ga ta.
Shekara sittin da biyu garma na juya ta,
ba ta yi nisan taku goma ba.

Ƙanƙara ta fara sauka a karkace.
Bodil ta leƙo ta taga, ta ɗaga hannu:
an samu?
Na ɗaga mata ƙarfen, ta girgiza kai, ta ja labule.

Na mai da ƙasa ramin, na taka, kamar yadda aka saba.
Na cire safa, na sa sifanar a aljihun ƙirji,
sanyinta ya ratsa riga uku.
Maƙabarta tana kan hanyata ta komawa,
amma ƙofarta kan daskare a irin wannan rana.
Ina da wuƙa. Zan gwada.