Ruwa Biyu

Mun baro Warra da la'asar sakaliya,
buhu talatin na albasa, babur guda,
da Inna Tumba rungume da akurkin kaji.
Kogi kwance kamar an shafa masa mai,
inji na ta gurnaninsa na ƙoshi.

Sai gabas ta haɗe rai.
Kafin mu kai tsakiya iska ta iso,
ruwa ya fara tashi tsaye,
yana marin ƙirjin jirgi, yana komawa,
yana sake dawowa da ƙannensa.

Nan inji ya yi tari.
Tari ɗaya, biyu, ya yi shiru,
irin shirun da ke sa mutum ya tuna sunan uwarsa.

Kawu Hantsi bai ɗaga murya ba.
Ya ce, Labbo, kama filafili,
juya mata hanci ta fuskanci igiya,
jirgin da ya ba ruwa haƙarƙari ya ba shi kowa.
Ya miƙa wa mai babur ƙwarya:
kwalfe, malam, salatin ka yi shi kana kwalfewa.

Ya ɗaga ƙafar inji ya leƙa farfela.
Ba koma, ba kainuwa, ba tsumman kowa.
Ya bi tiyo da yatsa kamar mai neman jijiya,
ya matsa ƙwallon mai, ya ji shi da tauri.
Ya sassauta murfin tanki ko numfashi ya ƙare masa.
Na ja igiya. Ya kama, ya yi dariya,
taguwa ta ɗaga mu, ya sake mutuwa.

Fulogi ne, in ji wani daga bayan albasa.
Kowa makanike ne ranar da ba shi ke riƙe da sifana ba.
Kawu ya kwance shi duk da haka,
ya goge a gefen riga, ya duba tartsatsi:
shuɗi, lafiyayye, ba laifinsa.

Sai ya tsaya yana kallon tanki
yadda ake kallon yaron da ya dawo gida da kuɗin da ba a aike shi da su ba.
Ya ce, wa ya sayar maka da man nan?
Na ce, Ɗan'ige, na bakin tasha,
ya rage mini naira ɗari biyu a galan.

Ya zare tiyo, ya tsiyaya a kwalbar lemo,
ya ɗaga ta sama wajen ɗan hasken da ya rage.
Fetur a bisa, ja-ja.
A ƙasa, faɗin yatsa biyu,
ga shi nan kwance, fari tas, ba kunya.

Tun safe yana nan, in ji Kawu.
Da kogi na barci shi ma barci yake.
Girgiza ce ta tashe shi.

Ya kwance ƙaramin noti a gindin kafireta,
ta zubar da hawayenta a tafin hannunsa.
Ya wanke matata da bakinsa, ya tofar,
ya jawo jarkar da yake ɓoyewa ƙarƙashin mazauninsa,
wadda na sha yi wa dariya,
ya tsoma tiyo a ciki.

Ja ɗaya. Ja biyu.
A na uku hayaƙi ya tashi,
kaji suka ɗauki kuka, Inna Tumba ta ɗauki guɗa.

Mun shiga Yawuri ana kiran isha,
jiƙe har ƙashi, albasa ta sha wanka.
Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na huta.
Ya dai miƙo mini kwalbar nan, ya ce, riƙe,
gobe ka kai wa Ɗan'ige canjinsa.

Tana nan kan tagata har yau.
Man ya daɗe da tashi.
Ruwan ne ya ƙi tafiya.