Tiren Bakin Makaranta

Ni ce Barira mai tire a bakin katanga,
Firamaren ƙauyenmu, kan hanyar Maigatari.

Shekara sha ɗaya ina gindin darbejiya,
Gullisuwa, iloka, da alewa mai sukari.

In an buga ƙarfen tara sai su yo tururuwa,
Kowa da hamsin a tafinsa, wani da ɗari.

Sun baro ɗumame a murhu don tsoron makara,
Bulalar Malam Nafi'u ta koya musu sauri.

Ba koko, ba ƙosai, sai abin da na ƙulla,
Su tsotsa har azahar, yana manne da haƙori.

Ban taɓa tambayar inda zaƙin ke kwana ba,
Ni dai in ga tire fayau, in ƙirga jari.

Sai daren Laraba jikana Tasi'u ya farka,
Kunci kamar ya ɓoye mangwaro don kumburi.

Yaron da kunama ta harba bai yi ƙwalla ba,
Ga shi yana birgima a tabarma, ba haƙuri.

Na tauna kanumfari na liƙa masa a gurbin,
Na ba shi ruwan ɗumi ya kuskure da gishiri.

Da asuba muka hau mashin sai asibitin Gumel,
Kuɗin ɗan akuyata suka tafi tun da wuri.

Likita ta haska fitila, ta ce in leƙa:
Turame uku sun yi rami, baƙi ya ci fari.

Ta ce, "Iya, me yake ci in ya je makaranta?"
Na sunkuyar da kai, tambayar ta fi mari.

Da hutu fa yaron nan a gona yake yini,
Fura da nono, ɗanyar gyaɗa, goruba mai tauri.

Kakansa kan karyo musu reshe su yi asuwaki,
Su gurza tare a dakali kafin wayewar gari.

Da an koma aji sai asuwakin ya bushe a danga,
Ni kuma in ba shi na ƙasan tire, har da ƙari.

An cire ɗaya. Ya dawo da auduga a baki,
Jarrabawar lissafi ta wuce shi, ba uzuri.

Ran Litinin na fito da dafaffiyar gyaɗa da awara,
Da gurji, da ƙwai shida, na ce in yi ƙoƙari.

Suka leƙa, suka taɓe baki, suka wuce gun Sahura,
Alewarta ja da kore, a leda, jeri-jeri.

Na koma gida da rabin kaya ban sayar ba,
Wanda ya saba da zuma, gyaɗa ba ta sa shi marmari.

Amma bakwai sun tsaya, yau sun kai sha biyu,
Gyarana asuwaki ne, reshen nan mai bauri.

Tasi'u ya koma dariya, da giɓinsa a gefe,
Giɓin nan da hannuna na ƙulla shi, ba asiri.